Tsohon Zubi Ko Sabo: Wace Corolla Ce Ta Dace da Hanyoyin Wurno, Rabah da Goronyo?

 

  

An ce in yi magana a kan ƙaramar mota ta shiga, wadda ake kira salun, in duba yadda ta sauya daga wannan zubi zuwa wancan ta fuskar daɗin zama, da ƙarfin tafiya, da kuma shan mai. Na zaɓi Toyota Corolla ne saboda ba sai na kawo hotonta ba. Duk wanda ya tsaya a Achida ranar kasuwa, ko ya jira mota a mararrabar Marnona, ya ga zubi uku ko huɗu nata sun wuce shi kafin ya gama shan ruwan leda. Malamin makaranta yana da ita, ma'aikacin ƙaramar hukuma yana da ita, dillalin albasa da tafarnuwa yana da ita, direban haya kuma da ita yake ciyar da iyali.

Da ma can ba ita ce sarauniyar hanyoyinmu ba. Dattawan da ke nan sun san zamanin Fijo. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna, kuma shekara da shekaru ita ce motar gwamnati, motar alhaji, motar tasha. Tana da laushi a kan burji, tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafun baya ne ke tura ta. Tana shan mai, amma wa ya damu? A 1982 litar fetur kwabo 20 ce. Abin da ya karya Fijo shi ne faɗuwar darajar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai idanu suka koma kan na hannu, 'yan Beljiyam, waɗanda ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano a biyo da su ta Nijar ko ta kudu. Ta wannan ƙofa ƙananan motocin Japan suka shigo mana, suka kuma zauna.

Ita Corolla an fara sayar da ita a Japan a 1966. Ƙaramar aba ce a lokacin: inji mai lita 1.1, ƙarfin doki 60, nauyinta wajen kilo 700. A 1997 ta zarce Volkswagen Beetle ta zama sunan motar da aka fi saya a duniya, a 2021 kuma kamfanin ya sanar da cewa an sayar da miliyan 50. Zubi goma sha biyu aka yi daga farko zuwa wanda ya fito a 2018. Huɗun farko ba su dame mu ba a yau, sai dai a ce ƙafafun baya ne ke tura su. Daga zubi na biyar, a 1983, aka mayar da jan zuwa ƙafafun gaba, wanda ya rage nauyi, ya ƙara fili a ciki, ya rage shan mai. Akwai abin da ya ɗauke mana: idan aka danne bayan mota da buhuna, gaba yana ɗagawa, tayoyin da ke ja su rasa riƙo. Direban da ya taɓa kafewa a rairayi a hanyar Gandi da lodi a but ya san abin da nake nufi.

Zubi na shida, wanda ya fito a 1987, shi ne wanda 'yan tasha ke kira Fes Ledi. Har gobe ana ganin ta, fenti ya koɗe, ƙofa sai an ɗaga kafin ta rufe, amma tana tafiya. Yawancinsu kafireta gare su, inji lita 1.3 ko 1.6. Daɗin zama? Kada mu yaudari kanmu, babu. Kujera ƙasa-ƙasa, ƙarar inji da ta taya duk a cikin kunne, na'urar sanyi kuwa ta mutu tun kafin a haifi wasu daga cikin ku. Amma tana da alheri guda wanda babu wadda ta gaje shi: duk abin da ya same ta, bakanike zai gano shi da ido da kunne, ya gyara da sifana da sukundireba a gindin bishiya. Ba ta da nauyi, don haka idan an daidaita kafireta da kyau ba ta cika ɓarnar mai ba. Matsalar ita ce kafireta ba ta zama a daidai. Ƙurar hunturu ta shiga, fetur mai datti ya shiga, bayan mako biyu sai a ji salansa tana warin ɗanyen mai.

Zubi na bakwai da na takwas, na 1991 da 1995, zan ratsa su da sauri. A nan injekta ta kori kafireta, aka samu kwamfuta ƙarama mai auna iska da mai, jiki ya ɗan faɗaɗa, ƙara ta ragu. Motoci ne masu kirki, sai dai shekaru sun cim musu. Wanda zai sayi ta Amurka ta 1998 zuwa 2002 ya binciki shan baƙin mai, don an san injin waɗannan shekarun da wannan ciwo.

Inda nake so mu daɗe shi ne zubi na tara, wanda ya fito a Japan a 2000, wanda kuma akasarin namu daga Amurka da Kanada suka zo da shekarun 2003 zuwa 2008. Inji lita 1.8, ƙarfin doki wajen 130, wato ya ninka na kakarta ta 1966 har da ɗori. Tanki lita 50. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya santimita 260 ne, alhali na Fes Ledi 243. Wannan tazarar ita ce filin gwiwa da fasinjan baya ke samu. An ɗaga kujera, an ɗaga rufi, dattijo mai rawani zai shiga ya fita ba tare da ya duƙa kamar mai neman allura ba. Injin sarƙa yake amfani da ita maimakon bel, saboda haka an huta da fargabar tsinkewar bel a tsakiyar daji. Giyar atomatik ɗinta mai hawa huɗu ce, tsohon fasali, marar ƙyale-ƙyale, mai haƙuri da zafi da lodi.

Akwai wani sauyi da aka yi a ƙarƙashinta wanda mai saye ba ya gani. Daga zubi na biyar zuwa na takwas, kowace ƙafar baya zaman kanta take yi, idan ɗaya ta faɗa rami ɗayar ba ruwanta. A wannan zubin sai aka haɗa su biyun da ƙarfe guda. Masu rubutu a kan motoci a Turai da Amurka sun ga wannan a matsayin ci baya, don bayan motar ya ɗan ƙara tsalle a kan gargada. Ni a wurinmu ina ganin riba ce. Sassan da za su lalace sun ragu, robobin da za a canza sun ragu, ƙarfen kuma ya fi jure buhun shinkafar Wurno. An ɗan rage wa fasinja laushi, an ƙara wa mai mota kwanciyar hankali.

Zubi na goma, na 2009 zuwa 2013, ya fi faɗi, ya fi shiru, ya fi kyan gani a ƙofar gidan biki. Sitiyarinsa na lantarki ne, yana da sauƙin juyawa, ko da yake wasu direbobi suna cewa ba sa jin hanya a hannunsu. Ƙarfi kuwa doki 132 ne. Doki biyu kacal aka ƙara.

A zubi na goma sha ɗaya, na 2014, aka tsawaita motar, tazarar ƙafafu ta koma santimita 270, kujerar baya ta zama wurin da babban mutum zai miƙe ƙafa. Ta fuskar daɗi wannan babban tsalle ne. Amma a nan ne kuma aka shigo da giyar CVT a yawancinsu, wadda ba ta da hawa-hawa, bel na ƙarfe ne ke zamewa tsakanin wasu faya-fayai biyu don inji ya zauna a inda ya fi tattalin mai. Dabara ce mai kyau. Sharaɗinta shi ne man giya nata na musamman, a kan lokaci, da kuma kada a wahalar da ita. Kafewa a laka ana danna totur ana gaba ana baya, ko jan wata mota da igiya, ko zuba mata man giyar da aka saba zuba wa tsofaffi, duk suna rage mata kwana. Idan kuma ta mutu, ba kasafai ake kwance ta a gyara a garejinmu ba, sai dai a nemo wata daga Kano ko Legas, kuɗin kuwa ya isa sayen babur.

Zubi na goma sha biyu, wanda ya shiga Amurka da shekarar 2020, shi ne ya fi su duka a kan kwalta mai kyau. An mayar da ƙafafun baya masu zaman kansu, akwai inji mai lita 2 da doki 169, akwai na'urorin da ke taka burki idan direba ya shagala. An kuma yi mai haɗin fetur da batir. Sai dai an sassauko da ita, gabanta yana kusa da ƙasa, cike take da na'urori masu jin ƙura kamar yadda ido ke jin tsakuwa. Mota ce ta Sakkwato zuwa Abuja. A hanyar Shinaka ko Kagara cikin watan Agusta, ina tausaya wa mai ita.

Yanzu ga maganar da ta tara mu, wato mai. Ku tuna da yadda farashi ya taka. Kafin Janairun 2012 lita naira 65 ce, aka kai ta 141, aka yi zanga-zanga ta dawo 97. A Mayun 2016 ta koma 145. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafi ya tafi, cikin kwanaki ta tashi daga ƙasa da 200 zuwa wajen 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Tun daga nan tambayar farko da mai sayen mota ke yi ita ce: ya shanta yake?

Hukumar kare muhalli ta Amurka tana buga sakamakon gwajin shan man motoci. Idan muka juya alƙalumanta zuwa ma'aunin da muka sani, Corolla atomatik ta 2003 zuwa 2008 tana cin kilomita 12 da ɗan wani abu a lita guda, idan an haɗa tafiyar gari da ta babbar hanya. Ta 2009 zuwa 2013 ma kusan haka take. Ku lura da wannan: shekara goma cur, zubi biyu, shan mai bai motsa ba, domin abin da aka samu a inji an cinye shi a ƙarin nauyi. Ta 2014 mai CVT ta kai wajen kilomita 13 da rabi. Mai haɗin batir ta 2020 ita ce ta yi nisa, wajen kilomita 22 a lita. Saboda haka duk dillalin da ya ce maka ka ƙara miliyoyi ka ɗauki ta 2010 maimakon ta 2006 don ka huta da gidan mai, yana sayar maka da fenti ne da fitila.

Waɗannan alƙaluman kuwa na mota lafiyayya ce, da mutum ɗaya ko biyu a ciki, a kan hanya mai santsi. Namu fa? Manoman fadama da ke nan sun san cewa injin ban-ruwa iri ɗaya, wanda aka saya rana ɗaya, wani zai yi wuni da galan guda, na maƙwabcinsa kuma kafin la'asar ya shanye. Haka motar take. Bambancin da ke tsakanin Corolla biyu masu shekara ɗaya a hannun mutum biyu ya fi bambancin da ke tsakanin zubi da zubi.

Iyayen gidana kanikawa, ku yi mini afuwa, zan taɓa ku kaɗan, don na san ba da mugunta kuke yi ba. Mota tana isowa daga Kwatano, abu na farko da ake yi mata shi ne a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, a ce ai an yi shi ne don ƙasar sanyi, mu kuwa a Sakkwato zafin Afrilu yana wuce digiri 40. Hujjar tana da daɗin ji. Amma an ƙera injin ne ya yi aiki a zafin da ya kusa digiri 90. Idan bai kai nan ba, kwamfutar tana ɗauka har yanzu asuba ce, sai ta ci gaba da zuba mai da yawa kamar yadda take yi lokacin tayarwa. A hunturu, da sanyin safiyar bakin Rima, motar za ta iya zuwa Goronyo daga Sakkwato ba ta yi ɗumin da ya kamata ba. In mota tana zafi, a duba lagireto ko ya toshe, a duba murfinsa, a duba famfon ruwa, a daina zuba mata ruwan rijiya mai gishiri. Tamostat ba shi ne ɓarawon ba.

Na biyu shi ne indomi, wannan saƙar da ke cikin salansa mai tace hayaƙi. Ana fasa ta a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke jikinta, wani lokaci da sanin mai mota, wani lokaci kafin ma ta iso hannunsa. Sau da yawa wajen wannan aiki ake lalata sensar da ke shinshinar hayaƙi tana gaya wa kwamfuta ko mai ya yi yawa. Fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, sai a liƙe ta da baƙin salatif ko a cire ƙwan. Daga ranar motar tana zuba mai ne da ka.

Sai baƙin mai. Littafin motar 2003 ya ce 5W-30, na sababbi ya ce 0W-20, mu kuwa kowace mota 20W-50 muke ɗura mata, mai kauri, wai don zafi. Injinan nan suna da ƙananan hanyoyi da mai ke bi yana sarrafa buɗewar bawul, mai kauri ba ya ratsa su da sauri, ga shi yana ƙara wa inji nauyin juyawa. Tsohon injin da ya riga ya sassauta ana iya yi masa uzuri. Sabo kuwa zalunci ne.

Sauran na direba ne da mai mota. Matatar iska a ƙasar ƙura irin tamu ba ta jiran lokacin da littafin Amurka ya faɗa, a riƙa buɗewa ana dubawa, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu. Taya marar isasshiyar iska tana cin mai tana cin kanta. Motar da aka yi wa mutum biyar, mun sa biyu a gaba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure buhunan albasa da igiya, ba za ta ba da kilomita 12 ba ko da daga masana'anta aka fito da ita jiya. Gudu ma haka: abin da mota ke sha a 130 ya fi na 90 nesa ba kusa ba, don iska ce take turewa. Ga kuma man 'yan bumburutu, wanda wani lokaci dole ce ke sa a saya idan gidan mai ya yi nisa, amma jarka da mazurari ba sa rabuwa da ƙura da ruwa, injekta kuwa ba ta yafiya irin ta kafireta.

Mu yi lissafi na misali. A ce direba yana yin kilomita 100 a rana, a ce lita naira 1,000 don sauƙin ƙidaya. Motar da ke ba da kilomita 12 za ta sha lita 8 da sulusi. Irinta da aka cire wa tamostat, aka kashe wa sensa, ta sauko 9, za ta sha lita 11 da ɗan kai. Kusan naira 2,800 ke nan a rana, a wata mai kwanakin aiki 26 ya haura naira 70,000. Kuɗin da zai gyara duk abin da na lissafa bai kai asarar wata biyu ba a mafi yawan lokuta. Mai haɗin batir kuwa lita 4 da rabi za ta sha, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na yarda ita ce gaba. Amma batirinta yana ƙarƙashin kujerar baya, fanka ce ke shayar da shi iska, zafi da ƙura kuwa su ne abokan gabansa, mu kuma su ne arzikin da Allah Ya hore mana. Kafin ta zama motar Rabah, sai an samu yaranmu da suka iya aikin lantarki mai ƙarfi irin nata ba tare da sun halaka kansu ba.

Akwai ma'auni na huɗu wanda mujallun motoci na waje ba sa sawa, mu kuwa shi ne na farko. Mun san halin rashin tsaro da gabashin jihar Sakkwato ke ciki. Mun san harin da 'yan bindiga suka kai kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mun san yadda ake bin hanyar da ta ratsa dajin Gundumi, da addu'a a baki da ido a kan agogo. A irin wannan hali, motar da za ta mutu a hanya bayan la'asar ta fi ƙarfin a kira ta matsalar aljihu. Don haka tambayar da ta fi kujera mai laushi ita ce: in ta tsaya, akwai wanda zai tayar da ita a gari mafi kusa? Akwai kayanta a shagon Sakkwato yau, ko sai an yi waya Kano a jira kwana uku?

Wani abu kuma da ya shafi rai, ga masu ta 2003 zuwa 2008. Da yawa daga cikinsu suna cikin motocin da aka yi wa kiranye a duniya saboda jakar iska ta kamfanin Takata, wadda kan fashe da ƙarfin da ya wuce kima ta watso ƙarfe, kuma zafi da daɗewa suna ƙara haɗarin. Wadda aka fitar daga Amurka kafin a canza mata, tana nan da tsohuwar. Ana iya duba lambar jikin mota ta intanet a gani. Matasan da ke nan masu waya, ku taimaki iyayenku da wannan. Da lambar nan ma ake gano motar da ruwa ya taɓa cinyewa ko wadda aka mayar wa mita baya.

To, wacce zan ce a saya? Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta tabbatar da dacewa. Wanda ke zaune cikin Sakkwato, tafiyarsa kwalta ce, yana da bakanike mai na'urar bincike, ya ɗauki ta 2014 zuwa sama, zai ji daɗi, iyalinsa za su fi samun kariya in an yi hatsari. Fes Ledi da 'yan'uwanta na shekarun 1990 sun yi mana hidima, wanda ke da ita ya lallaɓa, amma ba zan ce wani ya zuba sabon kuɗi a kanta ba, don jikinta ba ya kare mutum kamar na bayanta. Ga malami a Wurno, da ma'aikacin lafiya a Rabah, da ɗan kasuwa a Goronyo, hukuncina yana kan zubi na tara, na goma yana bi masa in aljihu ya yarda. Ita ce ta haɗa fili, da ƙarfin da ya isa, da shan mai mai dama, da kayan gyara a kusa, da kanikawan da suka san cikinta.

Roƙona biyu ne. Shugabannin direbobi, ku sa kowane direba ya cika tanki, ya rubuta lambar mita, in ya sake cikawa ya raba kilomita da lita, ya san gaskiyar motarsa da alƙalami. Shugabannin ƙananan hukumominmu uku da masu hali a cikinmu, ku ɗauki nauyin yara ko da biyu-biyu daga kowace ƙaramar hukuma su koyo gyaran lantarkin mota da aiki da na'urar bincike, a saya musu na'urar, a ba su rumfa kusa da tasha.

 Ina sauraren tambayoyi, musamman daga kanikawa, don na ga wasunsu tun ɗazu suna gyara zama.